Kafin ka naɗe tabarma ka bar Legas: yadda zaka auna komawa ƙaramin gari

Duk shekara in lokacin biyan haya ya matso, hirar majalisarmu a Agege ɗaya ce, wallahi na gaji da garin nan, bana zan tattara in koma gida. Wannan yace Malumfashi, wancan yace Gumel, wani Jega, wani kuma baya son yin nisa yace shi ko Shagamu ma ta ishe shi. Ni kaina na faɗi haka ya fi a ƙirga kuma gani nan har yau ina shan gosulo, wato cunkoson motoci. Amma ƙanina shi ya tafi da gaske, da matarsa da yara uku, ya koma garinmu a Jigawa, kuma ni na taya shi lissafin tun daga farko, mun dace a wasu wurare mun kwafsa a wasu. Toh abinda muka gani shi zan zuba maka, kai da kake ta juya maganar nan a ranka in ka kwanta.

Fara da tambayar kanka tsakani da Allah, me ke korata? Legas ɗin ce gaba ɗaya, ko unguwar da nake, ko sana'ar ce ta mutu? Kowanne maganinsa daban. Lokacin da gwamnatin Sanwo-Olu ta hana okada a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yuni 2022, Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Mainland, sannan a watan Satumba aka ƙara da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu da Kosofe, yaranmu da yawa sun hau tirela sun yi Arewa, kuma wannan dalili ne mai ƙarfi tunda abincinsu aka taɓa. Amma in matsalarka kawai haya ce tayi tsada a Idi-Araba ko Obalende, ba lallai sai kayi tafiyar kilomita wajen 1,000 ba, akwai Ikorodu, akwai Agbado da Sango-Ota, akwai Mowe da Ibafo a kan hanyar Ibadan, ga jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 daga Agbado ya biyo ta Agege da Ikeja da Oshodi har Oyingbo. Mutum zai iya sauya unguwa ya rage haya kwastomominsa kuma suna nan. In kuwa abinda ke jan ka tsohuwa ce a gida ta tsufa babu mai kula da ita, wannan kuma ba maganar riba da faɗuwa bace, sai dai a yi lissafi don a san yadda za'a rayu in an je.

Yanzu ɗauko takarda da biro, ba a kai zaka yi ba, a kai kowa gwanin lissafi ne. Kuskuren da kusan kowa yake yi, mu ma shi muka yi, shine sai mutum ya jera abinda yake kashewa a Legas ya jera abinda zai kashe a gida, yaga bambanci kamar sama da ƙasa, sai murna. Eh gaskiya ne, a nan kafin ka shiga ɗaki ɗaya a gidan fes-mi-ai-fes-yu, wato gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, sai ka biya kuɗin shekara, ka biya ejen, ka biya agirimen, ka biya koshin, wato kuɗin ajiya saboda ɓarna, duk da dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, waɗancan ƙananan kuɗaɗen su suke karya mutum. Ga kuɗin danfo, wato bas ɗin haya, kullum, wanda tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 bai sake sauka ba, ga agbero, 'yan tasha masu karɓar kuɗi, ga kuɗin shara, ga kuɗin maigadin layi, ga ruwa a jarka. A gida kuwa wataƙila ɗakin ma na gado ne, hatsi a rumbu, kasuwa da ƙafa zaka je. Duk na yarda. Amma tambayar ba nawa zaka kashe bace, nawa zai rage a aljihunka ƙarshen wata.

Bari in baka misali da lambobi na ƙirƙira don kawai ka gane tsarin. A ce kana samun 300,000 a wata a nan, kana kashe 240,000, saura 60,000 da kake turawa gida ko ka zuba adashi. Ka koma gida kashewarka ta sauko 120,000, rabi kenan, ka ji daɗi ko? Toh in samunka ya sauko 110,000 fa, kaga kullum wata sai ka ciri 10,000 daga jari, kuma wancan 60,000 ɗin da gida suke jira daga Legas shima ya tsaya, wato an yi asara biyu. Saboda haka layin da zaka fi daɗewa a kansa a takardar nan shine na samu, kuma ka rubuta mafi ƙanƙantar abinda kake ganin zaka iya samu, ba wanda abokinka ya faɗa maka a waya ba.

Kuma ka fahimci yadda kuɗi suke yawo a ƙaramin gari, don ba irin na Legas bane. Nan kullum ranar kasuwa ce, ƙarfe biyun dare ma mai shayi yana ciniki a Mile 12, babbar kasuwar kayan gwari. Can kuɗi suna da lokaci. Suna zuwa in an yi albashin ƙaramar hukuma da malaman makaranta, suna zuwa da kaka in an cire amfanin gona, suna zuwa ranar kasuwar mako. Tsakanin nan kuwa sai bashi. Ƙanina ya buɗe shagon kayan masarufi da kuɗin da ya tara, wata uku na farko har yana kirana yana cewa Yaya ai da na sani da tuni na dawo, kaya suna tafiya. Da na je na ce ya ɗauko min littafin shagon, wani littafin makaranta ne mai shafi 60, wallahi ya kusa cika da sunaye, wane sukari gwangwani biyu, matar wane omo da magi, Kawu wane buhun shinkafa rabi zuwa kaka. Kaya sun tafi kam, kuɗin ne basu dawo ba, kuma duk wanda ke littafin nan ko ɗan'uwa ne ko suruki ko wanda ya goya ka kana yaro, wa zaka je ka tsare a ƙofar gida? A Legas kwastoma baƙo ne, ya biya ya wuce, ba ka san uwarsa ba bai san taka ba, wannan rashin sanin da muke kuka da shi ashe wani rufin asiri ne ga ɗan kasuwa.

Sai ka auna sana'arka, shin tana iya hawa mota ta bi ka? Akwai sana'o'in da cunkoson Legas ne yake ciyar da su, mai suya a bakin hanya, mai gyaran takalmi da yake zagaye, ɗan canji, maigadi, mai tura ruwa, mai sayar da kaya a gosulo. Ka kai su garin da kowa ya san kowa kuma mahauta uku ne tun kakanni, zaka sha zama. Akwai kuma waɗanda suke tafiya da mutum duk inda ya je, haɗa sola, gyaran waya, walda, gyaran babur da injin ban-ruwa, ɗinki in hannunka ya faɗa, POS in garin babu banki kusa, ko da yake shi POS ɗin yanzu kowace kwana akwai mai lema da na'urar Moniepoint ko OPay, sai ka ƙirga su kafin ka ƙara kanka a ciki.

Amma a ganina wanda ya fi kowa cin ribar komawa shine wanda bai yanke igiyarsa da Legas ba, ya koma ɗaya bakin igiyar ne kawai. Kai da ka shekara goma a Mile 12 ka san irin albasar da matan Yarbawa suke so, ka san lokacin da tattasai yake tashi, ka san wane dillali ne yake biya wane ne yake ja maka rai, ko ka zauna a mayankar Oko-Oba ka san irin san da yake saurin fita, toh wannan sanin da lambobin da ke wayarka sun fi kuɗin da ke akawun ɗinka daraja. Ka koma can ka zama mai lodi. Kasuwar dabbobi ta Maigatari tana ci ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Potiskum ranar Laraba, hatsi kuma ga Dawanau a Kano. Kana gida kana kwana cikin iyalinka, kuɗinka kuma na Legas ne. Sai dai fa wannan yana buƙatar amintaccen mutum a nan da zai karɓi kaya ya sayar ya turo, in babu shi kar ka fara, don kayan gwari basa jiran sulhu, kwana biyu a kan hanya tumatir ya zama ruwa.

Toh sai babbar magana wadda ba'a son faɗa, harajin zumunci. Ran da ka sauka da katifa da firiji da talabijin a bayan mota, gari ya gama yanke hukunci cewa Alhaji ya dawo daga Ikko da kuɗi, ko da kuwa bashi ka ciwo ka biya kuɗin motar. Da kana nesa sai an kira ka a waya, wani lokacin ka ce netwok, wani lokacin ka tura dubu biyar a wuce wurin. Yanzu kana tsakar gida. Da asuba ka fito masallaci akwai mai jiranka da takardar magani, suna a gidan wane, biki a gidan wane, gudummawar rufin masallaci, ɗan yayarka za'a biya masa jarrabawa. Ba ina cewa abu ne mara kyau ba, wallahi lada ne kuma su ɗin ne zasu tsaya maka ran da ka kwanta, a Legas mutum zai iya kwana uku a ɗaki ba lafiya maƙwabcinsa bai leƙo ba, can kuwa kafin azahar an cika gidan da sannu da kwanon kunu. Abinda nake cewa ka saka shi a takarda a matsayin kashewa ta wata-wata, ka yanke masa adadi, kuma ka koyi cewa Allah ya hore tun satin farko, don in ka fara da rabo kamar ɗan siyasa, ranar da ka daina za'a ce ka canza.

Wuta da ruwa da netwok, waɗannan kar ka tambayi kowa, je ka gani. Mu nan muna zagin wuta, musamman tun Afrilun 2024 da aka kai 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit, amma aƙalla ana ganinta. Akwai garuruwan da taransifoma in ta ƙone sai an yi karo-karo wata da watanni, kuma ka tuna Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna yawancin Arewa ta kwana da kwanaki cikin duhu. In sana'arka ta firiji ce ko injin, saka kuɗin sola ko janareta a cikin kuɗin ƙaura tun yanzu. Ruwa kuma ka tambaya rijiyar unguwar tana kaiwa watan Afrilu ko tana ƙafewa, borehol na waye, nawa ake sayar da jarka. Netwok kuwa ka shiga cikin ɗakin da zaka kwana, ba bakin titi ba, ka gwada MTN ka gwada Airtel ka gwada Glo, ka yi taransifa ta gaske ka kira bidiyo a WhatsApp. Ƙanina sai da ya tare ya gane cewa a gidanmu layi ɗaya ne yake kamawa, shima sai an tsaya jikin bishiyar darbejiya ta ƙofar gida, har yara sun sa mata suna ofis.

Asibiti. Nan ne nake so ka daɗe, musamman in matarka tana haihuwa ko akwai mai hawan jini ko sikila ko ciwon suga a gidan. Mu da muke Legas mun saba, duk wahalar layi dai asibitin koyarwa na LUTH yana Idi-Araba, na LASUTH yana Ikeja, ga manyan asibitocin gwamnati a unguwanni, ga kemis ko'ina. A ƙaramin gari za'a ce maka akwai asibiti, kuma akwai ginin, amma tambayar da zaka yi ita ce ƙarfe biyun dare akwai likita a ciki? Ana tiyatar haihuwa a nan ko sai an tura? Akwai jini? In an tura, ina ake turawa, minti nawa ne a mota, kuma motar wa? Garuruwa irin Azare da Birnin Kudu da Nguru suna da asibitin tarayya, wannan ba ƙaramin abu bane, garin da yake kusa da irinsu ko kusa da Asibitin Malam Aminu Kano daban yake da wanda sai an yi awa uku a hanya mai ramuka. Matar ƙanina naƙuda ta kama ta da daddare cikin damina, suka je asibitin garin aka ce sai dai a wuce gaba, mai motar da aka sani wayarsa a kashe, sai a bayan motar ɗaukar hatsi aka shimfiɗa mata katifa. Allah ya sauke ta lafiya, amma tun ranar ya ajiye lambar direbobi uku kuma kullum akwai galan ɗin fetur a ɗakinsa wanda ko za'a mutu ba'a taɓawa sai irin wannan daren. Kai ka tanadi naka tun kafin daren ya zo.

Makaranta bazan ja ba, je ka shiga ajin da kanka ranar Talata da ƙarfe goma ka ƙirga yara ka ga ko malami yana ciki. Ta ɓangaren allo da Islamiyya kam gida ta fi, babu tantama, kuma da arha. In yaranka sun kusa jami'a, garuruwa irin Dutse da Dutsin-Ma da Gashuwa da Kashere suna da jami'ar tarayya, kuma garin da yake da ɗalibai yana da ciniki, wannan ma ka sa a ma'auni.

Tsaro kuma kar kunya ta hana ka tambaya don garinku ne. Wasu yankunan lafiya lau ake kwana a waje, wasu kuwa manomi baya iya zuwa gonarsa, har ta kai a Satumban 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato. Kuma wanda ya dawo daga Legas ido yana kansa. Waɗanda zasu faɗa maka gaskiya direbobi ne, je tasha ka zauna ka sayi shayi ka tambaya wace hanya ake bi, wacce ba'a bi bayan la'asar, yaushe rabon da a tare. 'Yan'uwa saboda son ka dawo sai su ce ai an samu sauƙi.

Yanzu uwargida. Da yawanmu sai mun gama yanke shawara da abokai a majalisa sannan mu shiga gida mu ce ki fara haɗa kaya. Malam wannan ganganci ne, domin kai zaka fita kasuwa da masallaci da majalisa, ita ce zata wuni a gidan. A Legas tana da ɗakinta da tukunyarta, wataƙila tana sayar da zoɓo da kunun aya ko tana kitso ko tana saro atamfa tana sakawa a sitatus, kuɗinta a hannunta. Can zata iya tsintar kanta a gidan gandu da uwar miji da faccaloli, girki na kwana-kwana, fita sai da dalili, kuma abinda take sayarwa kowace mace a layin ta iya. Wata kuma akasin haka ne, ita ce ma ta matsu ta koma kusa da mahaifiyarta ta huta da ɗaki ɗaya da banɗakin layi. Ba zaka sani ba sai ka zauna ka tambaye ta, ki faɗa min gaskiya, in mun koma me zaki rasa me zaki samu, kuma ka yi shiru ka saurara. In da hali ka kama gidanku daban ko ka ja katanga ka fitar da ƙofa, zumunci ya fi daɗi in kowa da tukunyarsa. Ke kuma 'yar'uwa in ke ce kike karanta wannan, ki nemi a yi maganar inda za'a zauna tun ana Legas, kar ki bari sai an sauke kaya.

Yaran da aka haifa a nan su ma mutane ne. Yaron da ya tashi a Agege Yarbanci da Burokan a bakinsa suke, Hausarsa wani iri, in ya je za'a yi ta tsokanarsa ana ce masa ɗan Kurmi, babban ɗan ƙanina sai da ya yi wata biyu baya son fita. Yanzu kuwa shi ke kai awaki kiwo, ya san sunan kowace bishiya, kakarsa tana ba shi tatsuniya, ya yi ƙiba. Ƙananan suna sajewa da wuri, wanda ya kai shekara 14 ko 15 shi ne abin lura, in yana aji na ƙarshe a sakandare gara a bar shi ya gama.

Duk wannan lissafin na takarda ne, gani ya kori ji, saboda haka kafin ka saki ɗakinka je ka yi gwaji. Amma don Allah ba da Sallah ba. Da Sallah kowane gari aljanna ne, kowa ya dawo da kuɗi, ana yanka, ana hawa, abokan yarinta duk suna nan, sai ka ce me nake yi a Legas. Sati biyu bayan Sallah duk sun watse sun koma Abuja da Fatakwal da Legas ɗin da ka baro, a majalisar sai tsofaffi. Je a watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba, hanya ta caɓe, sauro ya yi yawa, ko ka je Afrilu lokacin da zafi yake dukan mutum kamar an buɗe tanda. Ka yi wata guda cur, kuma kar ka zauna a matsayin baƙo ana kawo maka kwano, ka yi cefane da kuɗinka ka rubuta, ka gwada sana'ar da kake niyya ko da ƙarama ce, ka zauna a shagon wani ka ƙirga mutum nawa suka shigo daga safe zuwa azahar kuma nawa ne suka biya a take. Sannan ka lura da zuciyarka wajen ƙarfe tara na dare in gari ya yi tsit, wani wannan shirun shi yake nema shekara da shekaru, wani kuma a sati na biyu zai fara jin kewar hon ɗin danfo, kuma ba abin kunya bane.

Maganar fili ko gida, kar ka saya daga nesa, kar ka tura kuɗi a ce an saya maka. Mu da muka sha wahalar omo onile, wato 'yan gari masu iƙirarin gadon filaye, a nan muna ɗauka a gida babu irin wannan, akwai, sunansa gado. Sai ka gama gini wani ya dawo daga Sudan ko Kamaru yace gonar kakansa ce ba'a raba ba. Ka je da ƙafarka, a kira mai unguwa da dagaci da maƙwabtan filin ta kowace kusurwa, a tabbatar duk magada sun yarda, a rubuta a sa hannu da shaidu, sannan ka bi takardar hukuma, domin a dokar filaye ta 1978 ƙasa tana hannun gwamna ne, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke bada izinin mallaka. Kuma ka tambayi inda ruwa yake kwanciya, wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin Haɗeja ba zai sayi fili da rani bai tambaya ba. Ni shawarata ma shekarar farko ka yi haya ko ka zauna a na gado, jarinka ya zauna a sana'a, kar ka binne shi a bulo ka zo kana neman na cefane.

In ka gama duk wannan zuciyarka ta tsaya a kan tafiya, toh kar ka saki reshe ka kama ganye. Teburinka ko shagonka na Legas kar ka sayar, sa yaro amintacce ko ka bada shi haya na shekara, don samun wuri a kasuwa a garin nan ya fi samun mata wahala. Ka riƙe kuɗin cefanen wata shida a gefe wanda ba jari bane. Ka gama adashin da kake ciki, ka karɓo basussukanka tun kana nan don in ka tafi sun tafi, ka je ka yi sallama da shugabannin kasuwarku da mutanen Sarkin Hausawa da ma maƙwabtanka Yarbawa da Inyamurai, ka rabu da kowa lafiya saboda baka san ran da zaka dawo neman wurin kwana ba. Ka daidaita tafiyar da hutun ƙarshen shekarar karatu yadda yara zasu shiga sabon aji a Satumba, ka karɓo musu takardar canjin makaranta da katin rigakafi. Kaya kuma ba komai ake ɗauka ba, kujeru da gadon katako sayar da su a nan, kuɗin ɗaukarsu da karyewar da zasu yi a hanyar Jebba da Mokwa ya fi ƙimarsu, ka ɗauki kayan sana'a da keken ɗinki da firiji in mai kyau ne, kuma ka yi magana da direbobin manyan motocin da suka sauke kaya a Mile 12 zasu koma, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan ɗaukar shatar mota.

Wasu kuma rabawa suke yi, iyali su koma gida maigida ya zauna a nan ya kama ɗaki da abokai yana zuwa duk bayan wata biyu ko uku, wanda dama shi ne tsohon tsarin cirani da iyayenmu suka yi. Yana rage haya sosai amma yana da nasa ciwon, yara suna girma baka nan, ga kuɗin mota, ga kwana a hanya.

Shi ƙanin nawa yanzu shekararsa biyu. Shagon masarufin ya rufe shi, littafin bashin yana nan a cikin akwati ya ce ya yafe rabi. Abinda ya riƙe shi shine riɗi da wake da yake saya da kaka yana ajiyewa, da awaki da raguna da yake haɗo min in Layya ta matso ni kuma ina sayarwa a nan muna raba riba. Kuɗin da yake gani bai kai na da ba, shi ma ya faɗa, amma cikin dare in tsohuwa ta yi tari yana ji daga ɗakinsa. Ni kuma takardata tana nan a aljihun jallabiya, layin samu ne har yanzu bai cika ba, kuma mai gidan da nake haya ya riga ya aiko ejen ɗinsa da sabon farashi, na ce masa ya dawo bayan Juma'a.